La'asar Ɗin Ranar Talata

Ni nake jan salla a ƙaramin masallacin layinmu a Azare, tun lokacin da gwiwoyin Malam Babakura suka ƙi shi. Shi ne limamin asali, dattijo ne da iyayensa suka taso da shi daga Barno yana goye. Har yanzu yana zuwa, ya zauna a kujerar roba a ƙarshen sahun farko. Ni Uzairu malamin firamare ne, a zaurensa na yi karatu, kuma shi ya kamo hannuna ya tsayar da ni a gaba. Mutum arba'in ke bin bayana, ranar kasuwa su haura hamsin. Sallar duk waɗannan tana wuyana.

Abin da ba su sani ba shi ne limaminsu bai da iko da cikinsa. Shekara huɗu ke nan. Da farko na ce atini ne, aka ce basir ne, na sha jiƙe-jiƙe har harshena ya yi baƙi. Sai da na rame, wandona ya fara zamewa, sannan na yarda aka tura ni Kano. Can suka zura mini na'ura mai ido ta inda ba na iya faɗa, likita ya juyo da allon ya nuna mini babban hanjina duk ya kumbura ya yi gyambo. Ya ce ba a warkewa, lallaɓawa ake yi. Yakan kwanta wata biyar, shida, har in manta, in fara waiwayen tsire. Ranar da ya ga dama kuma ya tashi, in shiga ban-ɗaki sau goma sha biyu kafin rana ta faɗi, jini da majina, ina riƙe da bango ina zufa.

Kuma ba ya sallama, wannan shi ne abin haushin. Sauran mutane cikinsu yana ba su lokaci su nemi takalmi. Nawa idan ya murɗa, ƙirga ashirin kawai nake da shi. Na san kowane makewayi tsakanin gidana da makaranta, na san wanda ƙofarsa ba ta da sakata, na san gidan mai da ba sa tambaya. Na bar yaji, na bar fura da nono, na bar mangwaro a garin da ake zuba shi tsibi-tsibi a bakin titi. A gidan suna sai in ce ina azumi, alhali ƙarya nake yi, in dawo gida in ci shinkafa fara kamar ɗan yaye. Fararen kaya kuwa na naɗe su na sa a akwati. Matata Radiyya ce kaɗai ta san komai. Ita ta ɗinka mini wasu tsummoki masu kauri da nake sawa cikin wando, ita take wanke su, ta shanya a bayan ɗaki ƙarƙashin zaninta don kada maƙwabta su gani.

A masallaci dabarata gajerun surori. Gali tela, wanda yake mana ladanci, bakinsa ba ya zama wuri ɗaya, shi ya raɗa mini Malam A-Taƙaice.

"Wallahi Malam, in kai ka ja salla, ko shayina ba ya hucewa," haka yake cewa a bakin ƙofa, mutane su yi dariya. Ni ma in yi, ina ji kamar in shaƙe shi.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya san abin da liman zai yi idan alwalarsa ta karye a cikin salla. Sai ya jawo na bayansa ya ƙarasa wa jama'a, shi kuma ya riƙe hancinsa ya fita, don a zaci haɓo ne ya tsinke masa. Rufin asiri ne aka yi wa bawa. Manya sun san ba lallai haɓo ba ne, amma kowa sai ya sunkuyar da kai ya yi kamar bai gani ba. Sau ɗaya a shekara ba komai ba ne. Ni a watan da ciwon ya tashi bana, sau shida na jawo rigar Gali na riƙe hanci na ratsa sahu.

Mutum ɗaya ne a masallacin ya ɗauki haɓon da gaske, shi ne Bappa. Dattijon Bafillace ne daga Gololo, tsohon mai fataucin shanu, ya dawo Azare yana zaune gun ɗansa Abdulrahim. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma ba a taɓa tayar da iƙama ba ya cikin sahu ba. Kunnensa ya yi nauyi, don haka in zai yi magana sai duk layi ya ji.

"Malam, wannan haɓon naka ya yi yawa!" ya ce mini wata rana a tsakiyar mutane. "Jinin mutum guda nawa ne? Dubi yadda ka ƙare!"

Na ce zafi ne, Bappa, zafin bana ne. Na ga Gali ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Ashe bawan Allah bai bar maganar nan ba. Ya sa aka goya shi a babur har Gololo, a wannan shekarun nasa, a wannan zafin rana, ya dawo mini da garin ganye a ƙulle cikin leda. Ya ce in riƙa shaƙa safe da yamma, wai mai maganin ya tsayar da haɓon da ya gagari asibiti. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na kawo gida na jefa a bayan akwati. Kullum sai ya tambaye ni ko ina shaƙa, kullum in ce ina shaƙa.

Ranar Talata da la'asar, tun ina alwala na ji cikin ba daidai yake ba. Ban ci komai ba tun kunun safe, na sha ƙwayoyina, na shiga ban-ɗaki sau biyu kafin in fito. Na ce raka'a huɗu ce, a ɓoye ake karatu, zan iya. Ina shiga masallaci na tarar Bappa ya baro inda ya saba tsayawa ya dawo dab da bayana, kusa da Gali.

"Yau kwana bakwai da fara magani," ya faɗa da ƙarfi. "Yau za mu ga aikinsa. In ka sake riƙe hancin nan, gobe zan koma Gololo, ni da mutumin nan sai an raba mu!"

Aka yi dariya, Gali ya tayar da iƙama.

Raka'a uku sun wuce lafiya. A ta huɗu, a sujadar ƙarshe, ya murɗa. Na danne, na cije leɓe, na ce ya Allah ƙirga ashirin kawai. Ina ɗagowa in zauna tahiya abin ya kufce mini. Ba mai yawa ba ne, tsumma ya tare, rigata kuma shuɗiya ce mai duhu. Amma na sani. Babu wani kokwanto da zan laɓe a bayansa, na ji ɗuminsa.

Na san hukuncin, ni nake koyar da shi ga ɗalibai ranar Asabar. Hannuna ɗaya kawai zan miƙa baya in taɓa gwiwar Gali. Amma a gefen Gali akwai Bappa, ina jin numfashinsa, ina jin yana jan tahiyarsa a hankali da harshensa na Fillanci. Na hango kaina na miƙe a karo na bakwai, riƙe da hancin da ba abin da ya same shi, ina ratsa sahu huɗu na mutane zaune, fuskokinsu daidai ƙuguna. Na hango tsohon nan a kan babur gobe. Sai wata murya a raina ta ce saura sallama kawai, Uzairu, kalma biyu ce.

Na juya kaina dama na yi sallama. Mutum arba'in suka yi a bayana.

Ban tashi ba. Na ciro carbi na duƙufa kamar mai dogon lazimi, ina jira masallaci ya watse. Aka fita ɗaya bayan ɗaya. Bappa ya matso da gwiwa, ya kama hannuna da nasa biyu, ya leƙa fuskata yana murna.

"Ka gani? Yau ko ɗigo!" ya ce. "Alhamdu lillahi. Kada ka daina shaƙa."

Na ce, "Ba zan daina ba, Bappa."

Da na isa gida na wuce ban-ɗaki kai tsaye, na daɗe. Ina fitowa na tarar da Radiyya tsaye da bokiti. Ta kalli wandon da ke hannuna, ta kalle ni.

"A hanya ne?"

"A hanya."

"Malam, ka dube ni. A hanya ne?"

Na zauna a bakin rijiya na faɗa mata. Ta ajiye bokitin a hankali.

"Inna lillahi. Ka ƙarasa musu a haka?"

"Sallama ce kawai ta rage!"

"Ni kake faɗa wa? Ni da kai ka koya mini?" Ta rage murya saboda katangarmu gajera ce. "Sai ka je ka gaya wa Malam Babakura. Yau."

Nan na hau ta da faɗa. Na ce ita me ta sani, ita da ba ta taɓa tsayawa gaban mutum biyu ba? Na ce so take a riƙa nuna ni a kasuwa ana cewa ga limamin da ya yi kashi a wando? Yaran ajina su ji? Na faɗi maganganu da yawa, har da waɗanda ba ta cancanta ba, ita da hannunta ya yi kanta wajen wanke ƙazantata. Ta karɓi wandon ta zuba masa omo.

Na sake la'asar ɗina ni kaɗai a ɗaki. Tawa ta gyaru ke nan, saura ta mutum arba'in da suke can suna harkokinsu, sun ɗauka sun sauke farali. Na aika wa Gali cewa zazzaɓi ya kama ni, ya riƙe masallaci. Laraba ban fita ba. Ina kwance ina jin kiran sallarsa ta lasifika, ina lissafa fuskoki: mai kayan miya, direbobi biyu, baƙon da ya tsaya da buhun gero wanda ban ma san daga ina yake ba. Na riƙa ce wa kaina Allah mai gafara ne, su ba su sani ba, a bar shi a haka. In na faɗa sai in ji sanyi na minti biyar, daga nan abin ya dawo ya zauna mini a ƙirji.

Alhamis da hantsi Gali ya buga mini waya. Babu wasa a muryarsa.

"Malam, Bappa ya rasu. Ƙarfe biyu za a yi jana'iza."

Na je. Aka ce in shiga gaba, na ce jikina ba ƙarfi, aka riƙe Malam Babakura ta kafaɗu biyu ya sallace shi. Bayan an dawo daga maƙabarta na zauna a tabarmar ta'aziyya, can gefe, kusa da hanyar fita kamar yadda na saba. Abdulrahim ya taso ya durƙusa gabana. Mutum ne mai kamar shekaruna, ma'aikacin gona ne a ƙaramar hukuma, ba mai yawan magana ba.

"Malam, na gode da ka taso da rashin lafiya," ya ce. "Ka san sallarsa ta ƙarshe a jam'i a bayanka ya yi ta? La'asar ɗin Talata. Yana dawowa ya ce jikinsa ba daɗi, ya kwanta, bai sake fita ba. Wallahi abin da ke sanyaya mini rai ke nan, ya cika da jam'i a sahun farko. Har yana ba mu labari wai ya warkar da kai."

Na ce Allah ya jiƙansa. Ban san yadda aka yi kalmar ta fito ba. Kunya na sha jin ta a shekara huɗun nan, ta gaban likita, ta gaban matata, ta cikin mota a hanyar Sakwa da na sa direba ya tsaya sau uku fasinjoji suna tsaki. Duk ba su kai ta wannan tabarmar ba.

Juma'a da safe na tafi zauren Malam Babakura. Na same shi shi kaɗai, ya miƙe ƙafafu yana shafa musu man zafi. Na gaishe shi, na zauna nesa, na kasa farawa. Sannan na faɗa masa tun daga Kano har zuwa sallamar, kaina a ƙasa, ina kallon saƙar tabarma.

Ya rufe man zafin ya ajiye a gefe.

"Shekara huɗu," ya ce. "Uzairu, ni ka ɓoye wa? Ka ɗauka ban ga hancin da kake riƙewa ba? Na zaci iska ce ke damunka, na ce yaro ne, zai zo ya faɗa. Da ka zo, ai da mun duba sauƙin da aka yi wa mai lalura, ranar da jikin ya ƙi, sai Gali ya shiga gaba tun farko. Ciwo ba laifinka ba ne. Ko kusa."

"Allah gafarta Malam..."

"Ban gama ba. Ciwo ba laifinka ba ne, sallamar nan laifinka ce. Da mantuwa ka yi, da kai kaɗai za ka sake. Amma kana sane ka ja su. Sallar nan ba taka ba ce da za ka yafe wa kanka."

Na ce ko shi zai sanar, ya ce an samu matsala a la'asar ɗin Talata, kowa ya rama, ba sai an ambaci komai ba.

"Zan iya," ya ce. "Sai su tambayi wace matsala, sai in yi musu ƙarya ko in tona ka a bayan idonka. Wanne ka zaɓar mini?"

Ya ce gobe Asabar bayan la'asar in faɗa musu da kaina, ba sai na faɗi sunan ciwo ba in ban so, amma abin da ya shafi sallarsu haƙƙinsu ne su ji daga bakina.

Ranar Asabar ban ci komai ba sam. Gali ya ja salla, ni ina sahu na biyu. Da aka sallame Malam Babakura ya buga sandarsa a ƙasa ya ce kowa ya dakata, Malam Uzairu yana da magana. Na miƙe na je gaba na juyo. Ban taɓa sanin masallacin nan yana da idanu haka ba, kullum bayana nake ba su.

Na shirya magana mai tsari a gida, duk ta gudu. Na ce, "Jama'a, la'asar ɗin ranar Talata da na ja ku, alwalata ta karye a tahiyar ƙarshe. Na sani, ban fita ba, na yi sallama da ku a haka. Duk wanda ya bi ni ranar sai ya rama. Wanda ya san wani da ya yi salla a nan ranar, ya isar masa." Na tsaya. Malam ya ce ba sai na ƙara ba, amma bakina ya ci gaba da kansa. "Kuma ba haɓo nake yi ba, ban taɓa yi ba. Ciwon hanji ne da ni shekara huɗu, ba na iya riƙe bayan gida. Kunya ce ta hana ni fita. Ku yafe mini."

Ba wanda ya yi dariya. Wallahi da an yi da ya fi mini sauƙi. Wani a baya ya ce subhanallahi, wani ya ce Allah ya ba da lafiya, mai kayan miya ya kawar da kai yana kallon taga. Gali, Gali mai baki, ya sa hannu ya rufe fuskarsa.

Sai Abdulrahim ya miƙe daga sahu na uku. Kwana biyu ke nan da binne mahaifinsa. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, mu za mu rama. Bappa fa?"

Malam Babakura ne ya amsa daga kujerarsa, ya ce Bappa ya yi tasa da zuciya ɗaya, ya tafi bai sani ba, kuma Ubangijin da ya yi wa ba ya zaluntar kowa. Abdulrahim ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, amma ba Malam yake kallo ba.

"Har Gololo ya je maka," ya ce. Ya koma ya zauna.

Malam ya ce a tashi a rama tun ana tare. Gali ya share fuska ya shiga gaba, waɗanda suka halarci Talata suka daidaita sahu, mutum talatin da ɗaya na ƙirga. Ni na riga na rama tawa, don haka na koma jikin bango na zauna ina kallonsu suna biyan abin da na ɓata musu, raka'a huɗu, Gali bai gaggauta ko ɗaya ba.

Yanzu wata biyar ke nan. Ciwon ya kwanta, har na ɗan yi kumari. Malam ya sa na koma gaba a ranakun da jikina ya yarda, ranar da bai yarda ba in ce wa Gali ya shiga, ba mai tambaya. Ba a sake kirana A-Taƙaice ba, kuma abin mamaki har kewar sunan nake yi. Baƙon mai buhun gero har yau ban same shi ba, na sa cigiya a tasha sau biyu.

Abdulrahim bai bar masallacin ba. Yana gaishe ni a hanya, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali. Amma yakan tsaya a bakin ƙofa tukuna ya ga wanda zai shiga gaba. In Gali ne, ya cire takalmi ya shigo. In ni ne, sai ya juya a hankali ya nufi masallacin bakin titi, ina jin ƙarar takalminsa a kan tsakuwa lokacin da nake ɗaga hannu in yi kabbara.